Irin da Maiwada Majemi Ya Ba Gwamnati

A Kaura Namoda, in baƙo ya tambayi gidan Maiwada Majemi, ba a wahalar da hannu wajen kwatance. Cewa ake ya wuce tashar jirgi ya bi hancinsa. Inda ya ji numfashi ya fara yi masa gardama, to ya iso, sai ya yi sallama. Can zai tarar da wani dogon mutum siriri, wando naɗe zuwa gwiwa, hannuwa sun rine tun daga farce har tsintsiyar hannu kamar ya sa safar da ba ta ciruwa. Shi ne Maiwada. Yana da shekara hamsin da 'yan kai lokacin da abin nan ya faru, kuma kusan dukkansu a bakin kwatarniyar jima ya yi su.

Gado ne. Ubansa ya jeme fatun da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa zuwa kudu, tun jirgin yana zuwa ranar da ya ce zai zo. Maiwada bai leƙa boko ba. Allo ya yi, ya kai inda zai iya sallarsa ba tare da ya ji kunya ba, ya koma wurin fata. Sau ɗaya ya taɓa barin gari, ya tafi Kano wata masana'anta inda ake jima da sinadari. Wata huɗu ya dawo, ya ce can ba jima ake wa fata ba, wankan shuɗi ake mata. Matarsa Asta kan ce shekara talatin tana wanke masa riguna, har yau ba ta san da wane launi aka sayo su ba. Majeman Kaura sun sa shi shugaban ƙungiyarsu, ba don ya fi kowa haƙuri ba, sai don in aka tura shi ofis ba ya dawowa da "ku dawo gobe".

Aikin jima kuwa, kowa ya san ana tsoma fata a ruwan toka, a kankare gashin da kartaji, a kwantar da ita a ruwan kashin tattabara ta yi laushi. Wannan duk share fage ne. Abin da ke mai da fata ta zama fatar da ba ta ruɓewa shi ne bagaruwa: a daka kwansonta, a tankaɗe 'ya'yan a zubar, a jiƙa garin, baurin ya shiga jikin fata.

A wurin mutanen gari bagaruwa bagaruwa ce, itace mai ƙaya da fure rawaya. A wurin Maiwada biyu ce, kuma ba ya yarda a haɗa su ko a baki. Akwai mace, mai faffaɗan kwanso, wadda ta fi son tudu. Akwai namiji, mai kwanso ƙulli-ƙulli kamar carbi, mai son bakin ruwa. A faɗarsa, mace ke ba da fata mai haske da laushi, wadda in aka shafa mata karan dafi jan ke kwanciya ɗaya. Namiji kuwa sai ya duhunta fuskar fata ya sandarar da ita, bai dace da komai ba sai ƙirgin sa da za a yanka tafin takalmi. Sauran majema da yawa sukan cakuɗa su, su ce ai duk jima ce. Shi kan ce e, tuwo da ƙanzo ma duk daga tukunya guda suke fitowa, amma bai taɓa ganin wanda ya ajiye wa surukinsa ƙanzo ba.

Damuwarsa ita ce macen tana nisa. Wadda ubansa ke tsinka a bayan gari, gatarin masu gawayi da garmar manoma sun gama da ita. Sai an je Katuru ko Galadi, can ƙasar Shinkafi. Don haka tun ranar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, Maiwada ya sa aka rubuta masa takarda: majema na roƙon fili guda da za su shuka bagaruwarsu. Shekara huɗu yana kai takardar nan, har masinjoji suka riƙa buɗe taga tun ya karyo kwana.

Sai ga shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Aka rufe gidajen giya, aka daidaita mudu, mata suka samu motocin hayarsu daban. Kasuwar majema ta buɗe, don mutanen da rabonsu da gafaka tun suna yara, kowa ya tashi yana son sabuwa, da buzun salla mai laushi. Maganar algus ta cika masallatai, kuma babu wanda ya kai Maiwada ɗaga murya a kanta. Yana da dalili. Wata Alhamis a kasuwar Shinkafi an sayar masa da buhu biyu, sama mace, ƙasa namiji zalla. Da ya zazzage a gida ya gani, sai ya tsince 'yar macen, ya mayar da namijin ya ɗaure, ya jefa su bayan katanga inda ake zuba shara.

Ana cikin zafin bazara sai ga Nasidi a kan keke. Nasidi taubashinsa ne, ɗan ƙanwar ubansa, sa'anni ne, kuma tun suna tsirara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Lebura ne a lambun renon itatuwa na wani kwamiti da aka kafa, mai suna Kwamitin Inuwar Gobe.

"Bawana, aiko ni anka yi," in ji Nasidi.

"Wa ya rasa ɗan aike har yat taɓo ka?"

"Gwamnati ka son irin gabaruwa, buhu biyu. An ce in amso daga hannun shugaban majema, wai shi yas san na kirki. Na ce masu bai san komi ba sai wari."

"Mi za ta yi da shi?"

"Ni an gaya mani? Dashe dai."

Maiwada ya san dashen gwamnati. Kowace damina sai a kafa rumfa a bakin titi, manya su dasa, a tafa, a watse, kafin Juma'a awaki sun yi addu'ar rufewa. Ya ce a ransa, macen Katuru ce zai ba awaki? Ya ja Nasidi bayan katanga, ya nuna masa buhunan nan da fuskar girmamawa.

"Ga su nan. Na musamman na, manya na aje ma. Ka ga ko cikin gida ban sa su ba, kar iyali su taɓa."

Nasidi ya ɗaure su a keke ya tura, yana haki. Maiwada ya yi kwana biyu yana dariya, in ya tuna sai ya ajiye kartaji ya riƙe ciki. Asta ta ce, "Malam, wasan ga naku wata rana sai ya kai ku gaban alƙali."

Farkon damina sakataren kwamitin, wani matashin ma'aikaci mai suna Tijjani, ya tara majema a ofishinsa. Ya ce albishirinsu: an ba su fili, eka goma, a hanyar Zurmi. Majema suka ɗauki kabbara. Maiwada ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin janareta ne. Tijjani ya ɗaga hannu ya ce bai gama ba.

"Har tsiro mun tanadar muku, dubu uku, suna nan cikin leda. Kuma don kada a ce gwamnati ta yi gaban kanta, irin daga hannun shugabanku muka karɓa. Malam Maiwada da kansa ya zaɓa."

Aka sake kabbara. Aka riƙa bubbuga kafaɗar Maiwada. Mutumin da bai taɓa barin taro ya tashi ba tare da ya yi maganar ƙarshe ba, ran nan ko amin bai ce ba.

Da sassafe ya tafi lambun. Ga tsiron nan jere, layi-layi, kore shar, kowanne tsawon taƙi, Nasidi na bin su da butar ban-ruwa kamar mai renon marayu. Bai taɓa ganin dashen gwamnati da ya yi kyau haka ba.

"Nasidi, don Allah ban da wasa. Duk daga buhunan nan ne?"

"Duk. Ko ƙwara ban ƙara ba. Ka ga hannun bawanka ko?"

A gefen rijiya wata mata ce zaune kan tabarma, tana jera ganyaye tsakanin tsofaffin jaridu, tana matse su da katako biyu da igiya. Malama Barakatu ce, 'yar gidan Liman a Zurmi, tana koyarwa a wata kwaleji, tana kuma binciken digiri a kan bagaruwa da danginta. Shekara biyu tana bin itatuwa daga Kaura zuwa Shinkafi, tana tsinkar ganye da fure da kwanso, kowane itace da ambulan ɗinsa da lambarsa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta daɗe tana son ganinsa. Ya tambaye ta su waye dangin bagaruwa. Ta lissafa masa gawo, ɗakwara, ƙirya, dundu, har da ɗorawa, ta ce fure da kwanso ne ke tona asirin zumunta.

"Har ɗorawa mai kalwa? To ita ta yi arziki ta bar dangi da ƙaya." Ya tsuguna. "Ɗiyata, tun da kin san su haka, dubi waɗanga ki hwaɗa mani, mata na ko maza?"

"A wannan girman ganye ba ya faɗa, Baba. Amma na ga sauran kwanson da aka ɓare a bakin buhu. Mai ƙulli ne."

"Namiji."

"Haka kuke kiransa. A littafi jinsi ɗaya ne, reshe biyu."

Maiwada ya nuna Nasidi da haɓa. "Ni da wancan ma kaka guda gare mu. Ki ba shi hwata ya jeme ki gani."

Ya lissafa abin a tsaye. Bagaruwa ba ta ba da kwanso sai ta shekara biyar ko shida. In aka dasa waɗannan, filin da ya yi shekara huɗu yana roƙo ya tafi ke nan, kuma ba wanda zai gane sai lokacin da gyara ya wuce. Fili na biyu kuwa, ko jikansa ba zai gani ba.

Daga lambun ofis ya wuce. Ya rufe ƙofa da kansa, ya faɗa wa Tijjani komai, har da dariyar kwana biyu. Tijjani ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Malam Maiwada, ka san rahoto ya riga ya tafi Gusau? Da sunanka a ciki, da nawa a ƙasa. Wata shida ina gardama da 'yan tifa a kan filin nan, su ma tasha suke so. Abin da na kayar da su da shi ke nan, cewa tsironmu na nan a shirye. In ba a dasa shi daminar nan ba, nasu ne."

Ya aika aka kira Malama Barakatu. Maiwada ya yi murna, yana ganin mai ilimi ta zo taya shi. Tijjani ya tambaye ta wanne ya fi bauri cikin biyun. Ta dubi Maiwada, ta dubi ƙasa, ta ce cikin itatuwa arba'in da ta auna, mai ƙulli ya fi.

"Ka ji ko?" in ji Tijjani.

"Abin da na auna ke nan, yawan bauri," in ji ta. "Laushi da hasken fata ban auna ba, ba ni da abin auna su."

"Ni ina da shi," in ji Maiwada, ya ɗaga yatsunsa goma.

Ya koma gida ya zaɓi fatar jar akuya guda, ya tsaga ta bisa gadon baya, rabi a kwatarniyar mace, rabi a ta namiji da ya roƙo wurin maƙwabci yana kau da kai. Kwana shida ya kai su ofis ya shimfiɗa a kan takardun Tijjani. Ɗaya ta kwanta kamar gyale. Ɗayar ta ɗaga baki kamar ganyen da ya sha rana. Tijjani ya murza wannan, ya murza waccan, ya lanƙwasa, har ya sunsuna ya yi nadama. Sannan ya ɗaga ta namijin.

"Ai wannan ta fi kauri. Da gani za ta yi ƙarko. Irinta nake so a yi mani jaka."

Maiwada ya ce, "Allah shi ba ka jakar da tad dace da kai, Sakatare."

Majema ma ba su tsaya masa ba. Mataimakinsa Abbati, mutum mai sanyin baki da bai taɓa faɗa da ko kaza ba, ya same shi a bakin turmi. "Maiwada, hili kyauta, itace kyauta. Namiji ma jima shikai. Ka dasa ka yi shiru. Wa za ya sani kahin shekara shida?"

"Ni na sani yau."

A gida Asta ba ta tausaya masa ba. Ta ce, "Kwana biyu ka yi kana dariya, ni na ƙirga. Bayanin bai kai minti biyar ba. Ka je ka yi shi."

Ranar bikin dashe an kwana da ruwa, ƙasa ta yi taushi. Aka kafa rumfa a bakin filin, kujerun roba, lasifika, baƙi daga Gusau da manyan riguna. Tsiro dubu uku jere a gefe. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Sannan Tijjani, yana kallon Maiwada da idon roƙo, ya kira shugaban majema ya yi godiya ya dasa na farko. Aka sa masa leda a hannun hagu, abin magana a na dama.

"Assalamu alaikum. Jama'a, wanga abu da ke hannuna shara ta. Daga bayan katangata yah hito. Ni na ba da shi, don in yi ma taubashina dariya. Nasidi bai sani ba. Sakatare bai sani ba sai da na gaya mai, kuma shi ya yi muna ƙoƙari, Allah shi saka mai. An ce shekarar ga an daina algus. To ga mai algus tsaye gabanku, ga shaidu dubu uku cikin leda."

Wani ya lallaɓa ya kashe janareta. Bai san Maiwada ba. Muryar da ta saba ƙetare tashar jirgi ba ta ma lura an ɗauke mata wuta ba.

"In bulala ta hau kaina, ga baya. Ni ka jeme hwatar da aka yin ta, na san aikina, ba ni tsammanin sauƙi. Amma ba ni dasa ma jikokin majema namiji da hannuna, in kuma ce na gode. Wanda ka iyawa, ga rami nan."

Ya ɗora ledar a kan kujerarsa, ya sauka ya tsaya a rana. Wani baƙo ya yi tari. Can Abbati ya taso, ya ɗauki tsiron, ya dasa. Aka tafa, tafin da bai yi ƙarfi ba.

Kafin la'asar majema sun tuɓe shi sun naɗa Abbati. Aka mai da Nasidi wani ƙaramin lambu a Ɗan Isa, kullum tafiyar keke. In sun haɗu a hanya sai ya ce, "Ina kwana, Malam Maiwada," ya wuce. Tsakanin taubasai, gaisuwar ladabi ta fi mari ciwo.

Wani zai kwanta a ɗaki ya yi jinyar kunya. Maiwada washegari yana ƙofar ofis kafin masinja. Ya ce an tuɓe shi daga shugabanci, ba a tuɓe shi daga jima ba, kuma filin na majema ne, a yanka masa nasa. Kwana tara yana zuwa. Ran na goma Tijjani, don ya samu ya shaƙi iska, ya yanka masa eka biyu can ƙurya, bakin kwazazzabo, inda hanyar awaki ta ratsa. Da sharaɗi a rubuce: kwamiti ba zai ba shi tsiro ba, ba zai ba shi ruwa ba, kuma in bazara ta ƙare ba a samu itatuwa masu rai a wurin ba, eka biyun sun koma hannun ƙungiya.

Ran nan da yamma motar haya ta mata ta tsaya a bakin unguwar majema, Malama Barakatu ta sauko da gefen mayafi a hanci.

"Kin zo ki ƙara auna ni?" in ji Maiwada.

"Baba, da na faɗi abin da ban auna ba, da ni da kai mun zama masu algus biyu."

Ya sa aka kawo mata tabarma.

Ta ce renon tsiro a leda wata uku ne, damina ba za ta jira ba. Sai dai ya shuka 'ya'yan kai tsaye, kamar gero. Amma ƙwayar bagaruwa taurin kai gare ta, tana iya shekara a ƙasa ba ta tsaga ba, sai an tafasa ruwa, an sauke, an zuba mata, ta kwana a ciki. Maiwada ya ce yana da irin da ya fi kowane, na wasu itatuwa uku a Katuru. Ta ce uku sun yi kaɗan. In duk gonar 'ya'yan uwa uku ne, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka. Tana son uwaye talatin, masu nisa da juna.

"Talatin? Aure za ni yi masu?"

"Kusan haka ne, Baba."

Aka shiga rumbunsa. Ashe mutumin bai taɓa haɗa buhun wani itace da na wani ba. Kowanne ya san gindin da ya fito, da mai gonar, da abin da mai gonar ya yi masa na rashin kirki. Aka samu uwaye goma sha bakwai. Ta rubuta su duka a littafinta, har tana mantawa da toshe hanci.

Abu ɗaya ya rage yana cin sa. Ga namiji dubu uku a maƙwabta, ƙudan zuma kuma ba su san iyakar gona ba. Ta ce kwanso jikin uwa ne, duk wanda ya kawo garin fure, macen da ya shuka faffaɗan kwanso za ta yi har ta mutu. 'Ya'yan da ke ciki ne ke iya ɗauko uba. Don haka ya jeme da na gonarsa, amma in iri yake so, ya koma Katuru. Maiwada ya ce wannan magana ko a gidan mutane haka take.

Kwana uku Asta da shi suna ɓare kwanso da hannu, don turmi na fasa ƙwaya. Ta ba da babbar tukunyarta tana mita, wai yau kuma miyar gabaruwa za a sha. Ya ɗauki sungumi ya fita shi kaɗai, ya sara, ya jefa uku, ya take da diddige. Majema na can gaba suna dasa nasu suna leƙensa. Rana ta uku, wata Asabar, ya ji sara a bayansa. Nasidi ne da nasa sungumin, ko sallama bai yi ba. Suka yi layi huɗu ba wanda ya ce uffan. A na biyar Nasidi ya tsaya ya dafa ƙugu.

"Dubi layinka awa tahiyar maciji. Bawa dai bawa na."

Maiwada ya ce a ransa ya gode wa Allah. A baki kuwa ya zage shi har kaka, wadda kakarsa ce shi ma.

Rami ɗari takwas suka shuka. Mafi yawa suka tsiro. Sannan ruwa ya ɗauke, aikin gaske ya fara. Ya kewaye wurin da ƙaya, awaki suka gano ƙofa. Ya toshe, suka buɗe wata. Ya riƙa ɗauro jarka biyu a keke daga rijiya, yana ba kowane tsiro abin da bai fi kurɓi uku ba. Jima ta ja baya, dukawan da suka saba da fatarsa suka fara leƙa wurin Abbati. Gara ta ci nata, rana ta ƙone nata. Ya daina ƙirga waɗanda suka mutu, don ya ce ba shi da lokacin zaman makoki.

Ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Tijjani da farar babbar riga, da takarda, da Abbati a bayansa. Sun ratso ta cikin dashen ƙungiya, wanda ya kai gwiwa, wani har ƙugu, ana hango shi daga titi. Suka iso eka biyun Maiwada. Busasshiyar ciyawa, jar ƙasa, shingen ƙaya, sai mai wurin tsaye a tsakiya.

"Malam Maiwada, ina itatuwan?"

"Ƙarƙashin hancinka, Sakatare. Duƙa."

Tijjani ya tattare riga ya duƙa. Ga wani ɗan abu a cikin ciyawa, bai wuce idon sawu ba, da ganye ƙanana da ƙayoyi biyu farare. Ya kama shi da yatsu ya ja, don ya ga ko tsinke aka soka masa. Abin bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi, ƙaya ta shige masa babban yatsa, ya saki yana yarfe hannu.

"Shi duk ƙasa yay yi," in ji Maiwada. "Na tona guda na gani, saiwar ta fi hannuna tsawo. Ci gaba, akwai na kusa da shi."

Tijjani ya bi layi a duƙe, yana ƙirgawa, rigar na kama ƙaya, Abbati na ɓanɓare ta. Da ya kai ɗari biyu ya miƙe da ƙyar, ya ce ya gamsu, zai rubuta akwai itatuwa.

"A'a. Ka ce masu rai, kuma kai ka rubuta. Gobe wani ya ce ɗari biyu na. Ƙarasa."

Sai da ya ƙarasa. Ɗari uku da tamanin da ɗaya. Ya ɗora takardar a bayan Abbati ya sa hannu, eka biyu sun tabbata na Maiwada. Abbati ya gyara murya ya ce ƙungiya ta yi magana, in zai zo taro ya ce a yi haƙuri, ko sau ɗaya, kujerarsa na nan.

"Na ba da haƙuri kan buhu biyu, gaban duniya. Kan ƙin dasawa kuwa, ku riƙe kujerarku, ta yi maka kyau."

Tijjani ya tsotsi yatsansa, ya dubi filin, ya dubi furfurar mutumin.

"Ka san sai nan da shekara biyar kafin ka tsinki kwanso ɗaya a nan? Ƙila ma ba ka nan."

"In ina nan in jeme. In ba ni nan, wanda yat tsinka ba shi zagin kabarina." Ya ɗauki jarkarsa. "Sakatare, in kun hita ku ja ƙayar nan ku ruhe da kyau. Ga awaki can tsaye su bakwai, tun ɗazu kai suka jira."